Absurd, ridiculous, weird, bizarre: wacce ake sawa a ina?

Ɗan Sabon Gari:

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Don Allah a taimaka mini da wani abu a Ingilishi. Akwai wasu kalmomi da ƙamus ke ta yi mini yawo da hankali a kansu. In na duba absurd sai ya ce ridiculous, in na koma ridiculous ya maido ni absurd. Haka strange da odd da weird da bizarre, kowacce na miƙa ni wajen ƴar'uwarta. Ga kuma ludicrous, preposterous, unreasonable, irrational da peculiar can a gefe suna jira.

Ga jimloli uku da na rubuta. An ce duka akwai gyara, amma ba a nuna mini inda gyaran yake ba.

Ta farko wasiƙa ce zuwa ga mai motar da ke ɗauko kaya daga Kano, ya ninka kuɗin dako ba tare da ya sanar ba: "Your new price is bizarre."

Ta biyu a kan injin da ke wata ƙara da ba a saba ji ba: "The engine is making an absurd noise."

Ta uku, wani ne ya ce ya taka daga Zinder zuwa Yamai a ƙafa cikin kwana guda: "That is very strange."

Ina kuskuren yake? Kuma akwai hanyar da mutum zai bi ya zaɓa, ba sai ya yi ta canki-canka ba?

Mushen Angile:

Wa'alaikumus salam ƙanena. Nahawun jimlolin nan uku lafiya lau yake. Kalmomin ne kowacce ta kwana ɗakin da ba nata ba.

Kafin ka ɗauki kalma, tambayi kanka laifin da kake ɗora wa abin. Ko dai kana cewa ba ka saba da shi ba, ko kana cewa hankali ba zai ɗauka ba, ko kuma kana cewa an wuce gona da iri. Mu ma a Hausa ba mu haɗa su: baƙon abu daban, shirme daban, tsawwalawa daban. Ƙamus ne ke zuba su kwando guda saboda ƙarancin wuri.

Mu fara da na rashin sabo. Strange ita ce uwarsu, kuma ba ta yanke wa abu hukunci. A ce an tashi cikin watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, sai ga ruwan sama a Damagaram. Strange ke nan. Ruwan ya sauka, ba ƙarya ba ne, ba wauta ba ce, lokacinsa ne kawai bai yi ba. Duk sanda ka rasa wacce za ka ɗauka a wannan dangi, ɗauki strange, da wuya ta kunyata ka.

Odd ta fi ta sauƙi, kuma tana ɗauke da ma'anar abin da bai dace da ƴan'uwansa ba. Ka tuna ita ce kalmar da ake kiran lambobin da ba su rabuwa biyu daidai, 3, 5, 7, kullum guda na saura ba aboki. Warin takalmi da ya rasa ɗan'uwansa "an odd shoe" ne. In muka ce bambaraƙwai, namiji da suna Hajara, to odd ce ta fi kusa. Kana iya cewa "that's odd" in ka ajiye makulli a kan tebur ka dawo ba ka gan shi ba. Ba ka tsorata ba, lissafin ne bai fito ba.

Weird kuma ta baka ce, ta hira. A tsohon Ingilishi wyrd na nufin ƙaddara, shi ya sa har yau akwai ɗan ƙamshin abin da ke tada tsikar jiki a tare da ita: mafarki, kukan da aka ji cikin dare a kango, mutumin da ke kallonka ba ya ƙiftawa. Samari sun sassauta ta, komai yanzu weird ne a bakinsu. Amma kada ta shiga wasiƙar ofis ko takardar jarabawa. Kuma ka kula, ka ce wa mutum "you are weird" zagi ne, ko da da murmushi ka faɗa.

Bizarre ita ce can ƙarshe. Abin da in ka gani sai ka kira na kusa da kai ya zo ya taya ka kallo, irin kare da tallan tsire. Ruwan Janairu strange ne. A ce ƙanƙara irin ta ƙasashen sanyi ce ta zubo ta rufe duwatsun Birni fari fat, wannan bizarre.

Peculiar ta ɗan manyanta, an fi jin ta a rubutu da bakin dattawa, kuma tana son wari da ɗanɗano: "a peculiar smell", "a peculiar taste". Sai dai in ka ga to a bayanta, ma'ana ta sauya gaba ɗaya. "A custom peculiar to Damagaram" na nufin al'adar da ta keɓanta da Damagaram, babu suka a ciki ko kaɗan.

To jimlarka ta biyu ta warware. Ƙarar inji ba ta da hujjar da za ta karya, ba ka saba jin ta ba ne kawai. "A strange noise", ko "an odd noise", ko in da abokinka kake magana, "a weird noise".

Yanzu dangin shirme. Su waɗannan hukunci suke yankewa. Absurd daga Latin take, absurdus, sautin da ya kauce wa kiɗa, kuma tushenta ɗaya da sourd na Faransanci, wato kurma. Ana sa ta inda magana ta ci karo da hankali ko ta ƙaryata kanta. Ridiculous daga ridere take, dariya, dangin rire. Wato abin ya kai a yi masa dariyar raini. Bambancin a taƙaice: absurd kai take bugu, ridiculous baki take buɗewa. Babban mutum ya sa hular jariri ya fito kasuwar Dole, "he looks ridiculous". A ce sai ka kawo takardar shaida kafin a ba ka lamba, kuma sai ka kawo lambar kafin a ba ka takardar, "that is absurd".

Ludicrous daga ludus, wasa, kamar ludique ta Faransanci da kuka sani. Ta fi ridiculous nauyi, ta fi zama a rubutu, kuma tana yawan raka iƙirari da shawara da adadin kuɗi. Preposterous kuwa ginin ta ma abin kallo ne: prae gaba, posterus baya, wato an sa riga a baibai, gaba ta koma baya. Kalmar manya ce, ta mai fushi a majalisa ko a shafin jarida. In ka sa ta a kan ƙaramin abu, kamar shayi da aka cika wa sukari, kai za a yi wa dariya, sai dai in da gangan kake barkwanci.

Jimlarka ta uku. Tsakanin Zinder da Yamai kusan kilomita 900 ne. Raba da awa 24, ka ga sai mutum ya riƙa cin wajen kilomita 37 kowace awa, ba tsayawa ba barci. Mai tafiyar ƙafa kuwa wajen 5 yake ci. In ka ce "that is very strange", mai jin Ingilishi zai ɗauka ka yarda an yi tafiyar, mamaki kawai kake. Abin da kake nufi shi ne ba ta yiwuwa: "That's absurd", ko "That's ridiculous", ko "a preposterous claim" in rubutu kake.

Wani abu da ɗalibai ke yawan faɗawa: ba kowane kuskure ne absurd ba. Wanda ya ce Zinder ba ta taɓa zama babban birnin mulkin Nijar ba ya yi kuskure, don ta riƙe matsayin tun 1911 har aka mai da shi Yamai a 1926. Amma maganarsa wrong ce kawai, rashin sani ne, hankali na iya ɗaukar ta. Kada ka ɗauko gatari inda reza ta isa.

Ta farkon zan bar wa masu aikin wasiƙu, sun fi ni sanin yadda ake taka ta.

Tafintan Birni:

Mushe ya share hanya, Allah ya ƙara sani. Bari in ɗora a kan wasiƙar, don a nan ne kuskure ke jawo asara.

Ɗan'uwa, "Your new price is bizarre" ba ta faɗi abin da ke ranka ba. Mai motar zai karanta ya ɗauka kana ganin an yi kuskuren rubuta lamba ne, ko farashin ya zo da wata siffa ta daban. Kai kuwa cewa kake ya tsawwala. Kalmar wurin ita ce unreasonable.

Ga ma'auni da kuɗin kabu-kabu. A ce tafiyar da aka saba biyan sefa 200 ce. Ya ce 300: "a bit high", ko "expensive". Ya ce jika guda: "unreasonable", ya wuce abin da mai adalci zai nema, amma har yanzu ana iya ciniki. Ya ce jika 20: nan ne "ridiculous" ko "absurd" ko "outrageous" ke shigowa, don maganar ta bar ciniki ta koma rainin hankali. Outrageous ta bambanta da sauran da cewa fushi ne a cikinta, ba dariya ba.

Dalilin da ya sa unreasonable ta fi dacewa da wasiƙa: tana da kishiya da ake iya aunawa. In ka ce farashi unreasonable ne, kana cewa akwai wani reasonable da za ku iya haɗuwa a kai. Ƙofa a buɗe take. In ka rubuta absurd ko ridiculous, hankalin mutumin ka taɓa, ba farashinsa ba, kuma a rubuce zafinsu ya ninka na baka. Mai mota da ya ga an kira lissafinsa shirme, ko ya rage kuɗin, ya riƙe ka a rai.

Ga yadda za ka jera, daga mai laushi zuwa mai kaushi. "The new rate seems rather high." Sai "We find the increase excessive." Sai "We consider the new price unreasonable, especially as we were given no notice." In kana son kalmar da ta keɓanta da kuɗi, akwai exorbitant: farashi, haya, kuɗin ruwa. Ba a ce wa mutum exorbitant, ba a ce wa ra'ayi. Ni dai ta ukun zan ba ka shawara, don ta haɗa ƙorafin biyu, tsadar da rashin sanarwar. Kuma ka sa lambobi, tsohon farashi da sabo da ranar da aka sauya. Sifa ba ta ciniki ita kaɗai.

Unreasonable kalmar lauyoyi ce ma. Gyara na huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda ya fara aiki a 1791, ya hana "unreasonable searches and seizures", wato bincike da ƙwace kaya ba bisa hujja ba. A Ingila kuma akwai shari'ar Wednesbury ta 1948, wadda har yau ake auna hukuncin hukumomi da ita: shin ya kai rashin kan gadon da babu wata hukuma mai hankali da za ta yanke shi? A kwangila za ka yi ta cin karo da "unreasonable delay" da "within a reasonable time". Ba za ka ga "weird delay" a takardar da aka sa wa hannu ba.

Irrational ba ƴar wannan ɗakin ba ce, ko da yake ƙamus na Faransanci kan jera su tare. Irrational na nufin abin bai fito daga tunani ba, daga tsoro ko fushi ko camfi ya fito. "An irrational fear", kamar babban mutum da ke gudun ƙadangare alhali ya san ba ya cizo. Mai motarka ba irrational ba ne, sarai ya san abin da yake yi, riba yake nema. A lissafi kuma irrational number ita ce lambar da ba a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba, irin tushen 2 (√2) da pi. Illogical kuwa ta hujja ce: an faro magana daga nan, an kammala a can, ba igiyar da ta haɗa su.

Sai tarkon da ya fi kama mu nan Nijar, mu da muka bi ta Faransanci kafin mu iso Ingilishi. Tun da kundin mulkin ƙasa na 2025 ya sa Ingilishi cikin harsunan aiki tare da Faransanci, takardu masu harshe biyu sai ƙaruwa za su yi, to gara a san su.

Bizarre ta Faransanci kalmar yau da kullum ce, marar nauyi. "C'est bizarre, il n'est pas venu." In ka kwashe ta yadda take ka kai Ingilishi, ka ƙara mata kaya. Fassararta "That's strange" ko "That's odd". Ina kyautata zaton daga nan jimlarka ta farko ta samo asali. Ridicule a Faransanci sifa ce, a Ingilishi kuwa suna ce ko aikatau, yi wa mutum ba'a. "This is ridicule" kuskure ne, sai "ridiculous". Grotesque a Faransanci na iya nufin shirme tsagwaronsa, a Ingilishi ta fi karkata ga muni, abin da siffarsa ta karkace har ba a son kallo. Particulier ba peculiar ba ce: "un cas particulier" shi ne "a special case" ko "a particular case". Wanda ya rubuta "a peculiar case" ya ce al'amarin na da wata baƙuwar siffa. Sensible ta Ingilishi mai hankali ce, kishiyar duk wannan shirmen da muke lissafi, ta Faransanci kuwa sensitive ce. Ƴan lissafi kuma, "raisonnement par l'absurde" a ajin Ingilishi "proof by contradiction" ake ce masa.

Abu na ƙarshe, in mutum kake nufi. "You are unreasonable" hali ka ba shi, ka ce haka yake tun asali. "You are being unreasonable" na nufin a wannan maganar, yau, ya ƙi gaskiya. Kalma guda ce tsakani, amma ta biyun ana iya shan shayi tare bayanta.

Malama Ta Garin Malam:

Sannunku da ƙoƙari. Ina da ɗan ja da Mushe a wuri guda. Yadda aka jera ridiculous, ludicrous, preposterous kamar matakala, kowacce ta fi ta ƙasa nauyi, yana taimaka wa mai koyo, amma kada a riƙe shi kamar karatun allo. Sau da yawa ba nauyi ke raba su ba, abokan tafiya ne. Kowace kalma na da waɗanda ta saba zama da su. Ana cewa "Don't be ridiculous" kullum, ana cewa "Don't be absurd", amma "Don't be preposterous" da wuya ka ji. Ana cewa "patently absurd", wato shirme a fili ƙarara, kuma patently ta fi son absurd da false a kan sauran. Asalin kalma a Latin ma yana taimaka wa tuni ne kawai. Wanda ke cewa ludicrous a Landan ba wasa yake tunawa ba.

Kuma ridiculous na da wata fuska da ba a ambata ba. A bakin masu sharhin ƙwallo, "a ridiculous goal" yabo ne, ƙwallon ta yi kyan da ya wuce misali. Haka "ridiculously cheap", araha kamar kyauta, da "absurdly expensive". A nan sun zama kalmomin ƙarfafawa kawai, kamar yadda mu ke cewa abu ya yi kyau na hauka.

Sai ƙananan abubuwan da ke cin maki a jarabawar bak.

Kalmar ƙarfafawa. Dangin strange na karɓar very: very strange, very odd, very peculiar. Dangin absurd sun riga sun kai ƙarshe da kansu, saboda haka absolutely, utterly ko completely suke so: utterly absurd, absolutely ridiculous. "Very ludicrous" da "very preposterous" ba su daɗin ji, mai gyara zai ja musu layi. Ta ɓangaren sassautawa kuma, "a bit odd" da "a bit strange" daidai ne, "a bit ridiculous" ma ana faɗa, amma "a bit preposterous" kamar ka ce an ɗan mutu ne.

Kwatanci. Gajeru na ɗaukar er da est: stranger, strangest, odder, oddest, weirder, weirdest. Dogaye na ɗaukar more da most: more ridiculous, most bizarre, more absurd. Kada a haɗa biyun, "more stranger" kuskure ne.

Rubutu. Weird e ce kafin i. In ka juya haruffa ka rubuta wired, ka ce an ja wa abin waya, kuma kwamfuta ba za ta ja maka jan layi ba tunda ita ma kalma ce. Bizarre z guda, r biyu. Bazaar kasuwa ce, furucinsu ne kawai ya yi kusa. Ridiculous da ri take farawa, ba re ba. Irrational r biyu, n guda, saɓanin irrationnel mai n biyu.

Furuci. Faransanci ya saba mana da dannawa a gaɓar ƙarshe, Ingilishi kuwa kowace kalma da inda ake danna ta. A ridiculous gaɓa ta biyu ake dannawa, ri-DI-kyu-las. Preposterous ma ta biyu, pri-POS-ta-ras, kuma a haɗe leɓɓa sosai a kan p ɗin nan biyu, kada su zama f. Ludicrous ta farko, LU-di-kras. Peculiar ta biyu, pi-KYU-liya. Wutsiyar ous ɗin nan ba "us" mai tsawo ba ce, gajeren sauti ne da ake haɗiyewa.

Ɗan Sabon Gari:

Na gode ƙwarai malamai, Allah ya saka da alheri. Na gyara wasiƙar da jimlar Tafinta ta uku. Saura kaɗan. Abokan cinikinmu na Kano na yawan cewa abu "is somehow", wani lokaci kuma "funny", alhali ba abin dariya a wurin. Kuma na ga queer a wani tsohon littafin karatu da ma'anar strange. Ana iya amfani da su?

Malama Ta Garin Malam:

"It is somehow" Ingilishin Najeriya ne, kusan fassarar "wani iri" ce tamu. A Kano ko Legas kowa zai gane, ka yi amfani da ita a ciniki ba laifi. A jarabawa ko wasiƙa zuwa wata ƙasa kuwa, mai karatu zai tsaya jiran sauran jimlar, don a wurinsa somehow na nufin ta wata hanya, ba sifa ba ce. Sa "a bit odd" a madadinta.

Funny kuwa daidai take ko a Ingila. Fuska biyu gare ta, kamar drôle: abin dariya, da abin da ba a gane kansa ba. "The milk tastes funny" na nufin madarar ta fara juyawa. "The engine sounds funny" ma ta dace da injinka. Har Ingilishawa kan tambayi juna "funny ha-ha or funny peculiar?" in maganar ta rikice. Ta baka ce dai.

Queer ka bar ta inda ka gan ta. A tsofaffin littattafai strange take nufi, amma yau in an ji ta, batun masu neman jinsi ɗaya ne ke fara zuwa a rai. Ka gane ta in ka karanta, kada ka sa ta a naka rubutun da tsohuwar ma'anar.

Tunda an zo nan, akwai tarkon da Hausa ce ke ɗana mana shi, ba Faransanci ba. Baƙo a wurinmu ya haɗa wanda ya zo gidanka da wanda ba ka sani ba. Ingilishi ya raba: na gidanka guest ne ko visitor, wanda ba ka sani ba stranger, ɗan wata ƙasa foreigner. Wanda ya ce "I have a stranger in my house" yana nufin ya yi baƙi, mai saurare zai ɗauka wani ne ya faɗo masa gida. "A strange man" kuma na iya zama mutumin da ba a sani ba, ko mai baƙon hali, sai jimla ta nuna. In dattijo ne mai wasu halaye nasa na daban da ba su cutar da kowa, irin mai yawo da laima ko da dare, kalmar da ba ta da cin fuska ita ce eccentric.

Mushen Angile:

Na karɓi gyaran Malama, gaskiya ne abokan tafiya sun fi matakala. Ga yadda za ka bincika su da kanka, ƙanena.

Ajiye ƙamus mai harshe biyu in ka zo wannan gaɓa, shi ne ke maka yawon da ka faɗa. Buɗe na masu koyo, Ingilishi zuwa Ingilishi, irin na Oxford ko Cambridge ko Longman, duka suna intanet kyauta. Tsallake ma'anar, tafi kai tsaye ga misalan, ka duba sunan da ke bayan sifar. Rubuta uku-uku a littafinka: strange noise, strange feeling, strange man; absurd idea, absurd situation, absurd suggestion; unreasonable demand, unreasonable price, unreasonable behaviour. Haddace su a haɗe, kada ka haddace sifar tsirara. Duba kuma ko an rubuta informal ko formal a gefen kalmar.

In biyu sun rikice maka, shiga Google Ngram Viewer, rubuta su da waƙafi a tsakani, misali strange noise,absurd noise. Zai zana maka layin kowacce bisa yawan fitowarta a littattafai. Za ka ga ɗaya a sama, ɗaya kwance a ƙasa. Abu biyu ke ɓata wannan gwajin. Littattafai kawai yake ƙirgawa, saboda haka kalmomin baka irin weird na fitowa ƙasa da yadda ake faɗarsu a titi. Sannan in ba ka duba shekarun ba, tsofaffin littattafai za su ruɗe ka, kamar yadda queer ta yi. Taƙaita shi daga 1980 zuwa sama. Binciken Google na yau da kullum kuwa kada ka dogara da yawan sakamakonsa, yana ƙirga har kuskuren masu koyo irinmu.

A jarabawar cike gurbi, kafin ma ka yi tunanin ma'ana, dubi ƙaramar kalmar da ke gaban gurbin. In an rubuta an, to odd, absurd, unreasonable, irrational, eccentric da outrageous ne kawai za su shiga. In a ce, sun fita, saura strange, weird, bizarre, peculiar, ridiculous, ludicrous da preposterous. Sai ka dubi abin da ke bayan gurbin: in to ce ta biyo baya sannan sunan wuri ko na jama'a, peculiar ce. In enough ce ta biyo baya a farkon jimla, da waƙafi bayanta, ba sifa ake nema ba, strangely ko oddly ake so.